Ƙuraje Masu Cibiya: Nazarin Lamarin Wata Yarinya 'Yar Shekara 6

An kawo mini ita wata ranar Talata cikin watan Oktoban 2024, ruwa ya ɗauke, ana fama da zafin kaka. Uwarta ce a gaba, kakarta ta wajen uba na biye, sai ƙaninta ɗan shekara 3 da ya riƙe gefen hijabin uwar ya ƙi saki. Ita yarinyar ba ta yi kama da mara lafiya ba. Tana shigowa ta nufi ma'aunin nauyi da ke bayan ƙofa tana son hawa. Abin da ya taso su daga gida shi ne malamin Islamiyyarsu ya ga ƙuraje a dantsenta, ya ce ta zauna a gida sai an tabbatar ba ƙyandar biri ba ce. Sati uku ke nan rabonta da makaranta, yaran layinsu ma an hana su wasa da ita.

Ban ga laifin malamin ba. A watan Agustan shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙyandar biri a matsayin larurar gaggawa da ta shafi duniya, duk tashar rediyon da ka murɗo zancen ke nan. Wanda aka damƙa wa amanar yara da yawa a ɗaki ɗaya dole ya yi taka-tsantsan. Na zauna na rubuta wannan lamari ne saboda irinsa na yawan zuwa mana, kuma sau da yawa kafin yaron ya iso asibiti an riga an yi wa fatarsa ɓarnar da ta fi ta cutar.

Abin da suka faɗa

Uwar ta ce wata huɗu ke nan da ta fara ganinsu, guda uku a ƙarƙashin hammatar dama. Ta ɗauka ƙurajen zafi ne, ta yi ta barbaɗa hoda, ba su tafi ba. A hankali suka gangaro gefen haƙarƙari, suka kama cikin dantse daidai inda yake gogar jiki. Ba ta yi zazzaɓi ba ko sau ɗaya, ba ta rage cin abinci ba, ba ta rame ba. Ƙaiƙayi akwai shi, amma ba mai hana barci ba, kuma ya fi tsanani a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, wuraren da tun tana jaririya suke bushewa su yi kirci duk lokacin hunturu.

Da na tambayi abin da aka yi mata a gida, sai uwa da suruka suka kalli juna. Na ce, "Inna, ba faɗa zan yi ba. In ban san abin da fatar nan ta sha ba, ba zan gane abin da nake gani ba." Sannan tsohuwar ta gyara zama ta faɗa.

Da farko an sayo man shafawa a kemis, irin mai haɗin magani uku ɗin nan da ake ba kowa a kan kowane ƙurji, aka yi ta shafawa safe da yamma har sati shida. Sai wanka da ruwan ganyen darbejiya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kakar ta gasa allura a wuta, ta tsira manya guda huɗu, ta matse farin abin da ke ciki, ta ɗiga jiƙaƙƙiyar kanwa a ramin. Ta ce, "Ai ɗan nan, in ba a fitar da idon ba, ƙurji ba ya mutuwa." Bayan 'yan makonni sababbi suka tsiro kewaye da wuraren da aka matse.

Na tambayi yadda ake wanka. Ita da ƙaninta da 'ya'yan abokiyar zaman uwar su biyu, baho ɗaya, soso ɗaya, zane ɗaya na goge jiki. Katifa ɗaya suke kwana da ƙanin. Uwar ta zo da katin awonta na cikin ƙanin, gwajin cuta mai karya garkuwar jiki ya nuna ba ta ɗauke da ita.

Abin da na gani

Na ja ta bakin taga, domin a baƙar fata hasken rana ya fi ƙwan lantarki nuna gaskiya. Zafin jikinta 36.8, nauyinta kilo 19. Idonta bai yi fari ba, bakinta fes, babu farin gansakuka a harshe.

Na ƙirga ƙuraje 23. Ƙananansu kamar ƙwayar gero, manyansu kamar ƙwayar dawa, wato tsakanin milimita 2 zuwa 5. Kowanne a dunƙule yake, da tauri, da santsi, yana ɗan sheƙi kamar ƙaramin dutsen ado, launinsa na fata ko ya ɗan fi ta haske. Babu ruwa a ciki. Da na haska tocila daga gefe sai ga ɗan rami a tsakiyar mafi yawansu, sak cibiyar jariri. Wannan ramin nake nema. A gefen haƙarƙari biyar sun jeru a layi ɗaya, kamar an shuka su, daidai inda farce ya bi.

Wuraren allura huɗun nan su suka fi ɗaukar hankalina. Uku sun warke sun bar rami da baƙin tabon ƙunar kanwa. Na huɗun ya kumbura ya kai girman gyaɗa, da zafi in an taɓa, yana tsatsar mugunya, ga ɓawo mai ruwan zuma a bakinsa. A hammatar ɓangaren akwai 'yar kaluluwa guda mai ciwo. Fatar da ta sha man kemis ta yi haske ta yi laushi fiye da ta kewayenta. Fuska, fatar ido, tafin hannu, tafin ƙafa da matse-matsi duk babu kome.

Na ɗaga rigar ƙanin. Biyar gare shi, uku a ciki, biyu a cinya. Babu wanda ya lura da su a gida.

Cututtukan da na kawar

Ƙyandar biri na fara da ita, tunda ita ta kawo su, kuma gaskiya ƙurajenta ma kan yi rami a tsakiya, shi ya sa ruɗuwar ba abin mamaki ba ce. Amma ita tana zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki da kumburin kaluluwa a wurare da dama. Ƙurajenta na ciwo, suna sauya kama: su yi ruwa, su yi mugunya, su yi ɓawo su faɗi, duk cikin sati biyu zuwa huɗu. Ƙurjin da ya yi wata huɗu zaune yadda yake a jikin yarinya mai tsalle-tsalle ba nata ba ne. Kaluluwar da na taɓa kuwa ɗaya ce, kuma ga dalilinta nan kusa da ita yana zubar da mugunya.

Ƙarambau ma lissafin kwanaki ya kore ta. Ƙurajenta masu ruwa ne, suna fesowa a jiki duka har cikin kai, kafin kwana goma sun bushe. Ƙazwa ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin gida ne mai yara da yawa da shimfiɗa ɗaya. Na buɗe tsakanin yatsunta, na duba wuyan hannu, ƙugu da ɗuwawu, babu alama. Na tambaya ko akwai mai kwana yana susa a gidan, suka ce babu. Ƙazwa ba ta shiga gida ta bar mutane su yi barci. Makero faffaɗan zagaye yake yi mai ɓawo-ɓawo, ba ya dunƙulewa haka. Ƙurajen zafi kuwa da sun tafi tun da aka samu sanyin damina.

Abin da ya rage shi ne cutar da likitoci ke kira moluskum, wadda nake gaya wa iyaye da sunan ƙuraje masu cibiya. Ga ta nan tare da kirci a bayan gwiwa, ga kuma miki guda da ƙwayoyin bakteriya suka shiga ta hanyar allura. Ban aika kome ɗakin gwaji ba. Idan siffar ta fito haka, ido ya wadatar.

Ita cutar

Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, 'yar dangin agana. Da na faɗi haka sai kakar ta dafe ƙirji, ta nuna mini tabon lamba a dantsenta. Ta san agana, ta ga masu zanzana a fuska tun tana ƙarama. Na yi saurin kwantar mata da hankali: an tabbatar da kawar da agana daga duniya tun 1980, ita kuma wannan dangi kawai suka haɗa. Ba ta wuce saman fata, ba ta shiga jini, ba ta kisa. Ba sabuwa ba ce, wani likitan fata a Ingila mai suna Thomas Bateman ya bayyana ta tun 1817.

Mutum kaɗai take kamawa, ba a ɗaukarta daga akuya ko kaza. Tana bin gogayyar fata da fata, da soso, da tawul, da tufafi. Farin abin da ke cikin ƙurjin nan, wanda kakar ta kira ido, cike yake maƙil da ƙwayoyin cutar. In yaro ya sosa ya fasa, farcensa ya kwasa ya kai wani wuri, shi ya sa suke jeruwa a layi. Daga kamuwa zuwa fitowar ƙurji kan ɗauki sati biyu, wani lokaci har wata shida, don haka neman wanda ya shafa wa wani ɓata lokaci ne, sai dai ya haddasa rigima tsakanin matan gida. Ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 10, kuma mai busasshiyar fata mai kirci ya fi saurin yaɗa ta a jikinsa, domin fatar a tsattsage take kuma hannunsa ba ya hutawa da susa.

Da kanta take tafiya idan garkuwar jiki ta gano ta. Wahalar ita ce jinkirin. Wani bincike da aka yi kan yara a Birtaniya, aka wallafa a 2015, ya nuna matsakaicin lokacin warkewa ya kai wajen wata 13, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na yaran ba su rabu da ita ba har bayan wata 18. Nakan faɗa wa iyaye wannan adadi tun ranar farko. Wanda aka ce masa sati biyu, in ya ga wata biyu zai koma ga allura da kanwa.

Akwai inda ba na yarda da jira. In ƙurajen suka yi yawa ƙwarai, ko suka cika fuska, ko ɗaya ya wuce santimita guda, ko yaron na ramewa yana yawan rashin lafiya, to sai an gwada cuta mai karya garkuwar jiki, a kuma duba tamowa. In a fatar ido ƙurjin yake kuma idon ya yi ja, wurin likitan ido za a je. In a matse-matsi ne, mafi yawanci hannun yaron ne ya kai su daga wani wuri, amma wajibi ne ma'aikacin lafiya ya yi tambaya cikin hikima da sirri, domin a manya ta hanyar saduwa aka fi ɗaukarta. Yarinyar nan ba ta da ko ɗaya daga waɗannan, don haka ban ɗebi jininta ba.

Shawarar magani

Nan ne muka daɗe. Na fara da gaya wa kakar cewa tunaninta bai yi nisa da gaskiya ba: a asibiti ma akan kankare ƙurjin a fitar da abin cikinsa. Bambancin shi ne ana yi da tsaftataccen ƙarfe, a kwashe abin kada ya taɓa fatar gefe, a kuma sa maganin kashe zafi tukuna. Ba mu da man kashe zafin, kuma ban ga dalilin danne 'yar shekara 6 a kankare mata wuri 23 tana ihu ba, a kan abin da zai tafi da kansa. Yaron da aka yi wa haka, ranar da ciwo na gaske ya same shi sai an ɗauko shi da ƙarfi.

Sauran hanyoyin ma na auna su. Akwai ƙona ƙurji da sanyi, sai dai a manyan asibitoci ake samu, kuma a baƙar fata yakan bar farin tabo da ke daɗewa. Akwai kantaridin, sinadarin da ake samu a jikin ƙwaro dangin hangara, wadda manoman gero suka san yadda take sa fata ta yi bororo. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani nau'insa ga yara daga shekara 2, likita ke ɗiga shi a kan ƙurjin da ma'auni. A farkon 2024 suka amince da wani man da iyaye ke shafawa a gida. Duk ba su iso ɗakin maganinmu ba. Kuma kada wani ya ji zancen hangara ya je ya murje ƙwaro a jikin ɗansa, guba ce mai ƙuna, in ta kai baki tana iya kisa. Akwai kuma ruwan fotasiyam haidiroksaid mai ƙarfin kashi 5 zuwa 10, wanda yake ɗan cin ƙurjin har jiki ya farga. A fata mai kirci, wadda ta riga ta sha kanwa da sati shida na man kemis, ban ga zai yi mata alheri ba.

Man kemis ɗin nan shi ya fi ɓata mini rai. A cikinsa akwai sitiroyid mai ƙarfi, wato maganin rage kumburi da ƙaiƙayi, da maganin bakteriya, da maganin makero. Babu ɗaya da ke kashe bairos. Sitiroyid ɗin kuma yana kwantar da garkuwar fata, ita ce kuwa muke jira ta tashi ta yi aikin. Yana rage ƙaiƙayi, sai uwa ta ga kamar ana samun sauƙi, alhali fata na sirancewa ƙuraje na ƙaruwa. Na ce a daina shi daga ranar.

Abin da na ba su kaɗan ne. Mikin da ya yi mugunya na wanke shi na rufe, na rubuta maganin bakteriya mai suna kuloksasilin na sha na kwana bakwai, na kuma bayyana cewa na mikin ne kaɗai, kada su sa ran zai taɓa sauran. Kircin bayan gwiwa na ba shi haidirokotizon mai kashi 1, sitiroyid mara ƙarfi ba irin na man kemis ba, na sati ɗaya, a wurin kircin kawai. Sai man kaɗanya ko basilin bayan kowane wanka, a fara shafa wa lafiyayyar fata, wurin ƙurajen ya zo ƙarshe, a wanke hannu. A yanke farce duk sati. Kowane yaro da sosonsa da zanensa, kada a goga soso a kan ƙurajen, kada a haɗa su cikin baho ɗaya. Riga mai dogon hannu da rana, da dare kuma ita da ƙanin kowa ya kwana da riga.

Kakar ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To likita, maganin ƙurajen fa?"

Na ce, "Inna, a bar su. Jikinta ne zai kashe su."

Ta ce, "Mu taso tun daga gida a ce mana mu yi haƙuri?"

Na kama dantsen yarinyar na nuna mata wanda ba a taɓa ba, sumul, sannan na nuna mata ramukan allura uku da baƙin tabonsu. Na ce, "Waɗannan in sun tafi da wuya su bar alama. Waɗannan kuwa da su za ta je gidan miji. Kada garin neman gira a rasa ido." Ta yi shiru tana kallon wurin. Ban faɗa don in kunyata ta ba, don ƙauna ta yi abin da ta yi, amma na san in ba ita ta gamsu ba, babu abin da uwar za ta iya hanawa a gidan.

Na rubuta wa malamin takarda da Hausa: ba ƙyandar biri ba ce, ba ta bin iska, ba dalilin hana yaro karatu ba ce, ya isa a rufe wurin da tufafi. Washegari ta koma makaranta.

Bibiya

Bayan sati biyu mikin ya warke, kaluluwar ta sace. Ƙuraje 24.

A Disamba, hunturu ya kankama, suka dawo har da uban. Fatarta ta bushe, ta koma susa, na ƙirga 31, wasu sun sauka bayan gwiwa. Man kaɗanyar ya ƙare ba a sake saye ba. Uban ransa a ɓace, ya ce ko a yi mata allura ko ya kai ta wurin wanzami. Na fahimce shi, wata biyu yana bin maganata abin sai gaba yake yi. Na buɗe katin na nuna masa inda na rubuta tun ranar farko cewa za su iya ƙaruwa kafin su ragu. Na ce babu allurar da ke kashe wannan ƙwayar, askar wanzami kuma za ta buɗe musu sababbin ƙofofi ne a fata. Na yi masa alkawarin in Ƙaramar Sallah ta wuce ba su fara raguwa ba, zan tura su wurin likitan fata a babban asibiti. Ya amince da wannan. Abin da ban zata ba, kakar ce ta mara mini baya. Muka maimaita maganin kirci na sati ɗaya, aka koma shafa mai sau biyu a rana.

A Maris, cikin azumi, uwar ta zo hankali a tashe ba ranar da na ba su ba. Ƙuraje kusan goma sun kumbura lokaci guda, sun yi duhu, wasu da ɗan ɓawo a kai. Ta ce sun ruɓe. Na taɓa: babu zazzaɓi, ba ta janye jiki, kumburin bai wuce gindin kowane ƙurji ba, babu kaluluwa. Wannan shi ne abin da nake jira tun Oktoba. Garkuwar jiki ce ta gano cutar ta far mata, kuma a nan ne ake yawan kuskure a ɗora yaro kan maganin bakteriya ba gaira ba dalili. Na nuna mata yadda za ta bambance: in kumburi na faɗaɗa yana cin fatar gefe, ga zafi, ga ciwo mai tsanani, ga mugunya ko zazzaɓi, ta dawo ko da dare ne. Ban ba ta kome ba sai basilin.

Zuwansu na ƙarshe a watan Mayun 2025 ne, wata bakwai da fara ganinta, wata goma sha ɗaya da fitowar ƙurjin farko. Babu ko ɗaya a jikinta. Inda suka kumbura akwai ɗigo-ɗigon duhu da suka fara dishewa, fatar da man kemis ya ƙoɗar ta dawo da launinta. Ramukan allura huɗu suna nan a gefen hammata. Ɗaya daga 'ya'yan abokiyar zaman uwar ta fitar da guda huɗu a wuya cikin Janairu, ba a taɓa su da kome ba, biyu sun riga sun tafi. Ƙanin saura biyu a cinya, na ce a dawo da shi bayan Babbar Sallah.